Ludayin Ammu Mahfuz

Shagon Ammu Mahfuz yana bakin wani lungu a unguwar Kandara, cikin Jidda, tsakanin mai wanki da guga da Usta Bakur mai gyaran agogo, wanda ya daɗe da daina gyara komai. Tebur huɗu ne a ciki, na biyar kuma a waje kafin rana ta ɗaga. Abin sayarwa bai wuce uku ba: ful, wato dafaffen wake, sai shayi da ma'asub. Ful ɗinsa ba laifi, shayinsa kamar na kowa. Ma'asub ɗin ne ke sa mutum ya baro unguwarsu da sassafe.

Babu wani sirri a cikin ma'asub. Gurasar alkama ce mai zafi da ayabar da ta nuna har ta fara baƙi, a daka su tare a akushi, a zuba man shanu da zuma, wanda ya so a ɗora masa kirim. Ko'ina haka ake yi. Abin da ya raba nasa da na saura shi ne, Ammu Mahfuz ba ya ɗaukar ludayi sai ya ɗaga kai ya dubi fuskar mai saye.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya zo daga Hadramaut, ya koyi sana'ar a wurin kawunsa, kuma har kawun ya rasu bai taɓa gaya masa ludayi nawa ake zubawa ba. Shi ma bai tambaya ba. In lebura ya shigo da ƙurar siminti a gira, sai gurasa ta ƙaru. In wanda aka yi wa rasuwa a makon ne, zuma ta ƙaru. Ɗan kasuwar da tumbinsa ke riga shi shiga shago kuwa, a rage masa mai, bai kuma taɓa lura ba. Kuɗin kowa ɗaya. Shekara arba'in da 'yan kai ana haka, babu wanda ya yi ƙorafi.

Teburin da ke kusa da ƙofa na Siraj ne. Ba a rubuta ba, amma ko baƙo ne ya zauna a wurin sai ya ji kamar ya taka sallayar wani. Siraj ya yi shekara talatin yana tuƙa motar alhazai tsakanin Jidda da Makka da Madina. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ya koma zama da babbar 'yarsa Abrar, wadda ke aikin jinya. Kullum in an idar da sallar asuba, daga masallaci sai shagon.

"Kai Bahadarame," zai ce tun daga bakin ƙofa, "yau ma zumar ɗigo-ɗigo za a ba mu, kamar maganin ido?"

"Zauna, direba. Mutumin da ya ɓata da mota guda ta alhazai a hanyar Madina ba shi zai koya mini awo ba."

"Sau ɗaya ne! Kuma taswirar ce ba daidai ba."

"Shekara ashirin da bakwai baiwar Allah taswira tana shan zagi."

Mutanen Jidda sun saba tsokanar Hadramawa da rowa, Siraj kuwa ya riƙe abin kamar aikin gwamnati. Ammu Mahfuz ba ya musu. Sai dai ya sunkuyar da kai ya yi ta daka, hannunsa ya je tukunyar man shanu ya dawo, ya sake komawa.

A shekarar da aka ce kowane gidan abinci ya rubuta kalori a gaban duk abin da yake sayarwa, takardar ta iso lungun nan kamar yadda ta isa manyan wuraren bakin teku. Jami'in da ya kawo ta mutum ne mai ladabi. Ya yi bayani cewa lamba ce da ke nuna yawan ƙarfin da abinci ke zuba wa jiki, don mai saye ya san abin da zai ci kafin ya ci.

"To ai ya sani," in ji Ammu Mahfuz. "Ma'asub zai ci."

"Sunansa ya sani, Ammu. Bai san nauyinsa ba."

Ammu Mahfuz ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin gwangwanin ganyen shayi. Ɗansa Salim, da ke aiki a Dammam, shi ya yi ta buga waya har ya samo ofishin masu irin wannan awo, suka ce za su turo wadda za ta zo ta gani da idonta.

Ta zo ranar Talata da hantsi, bayan masu karin kumallo sun watse. Sunanta Rawan, siririya, tana riƙe da ɗan sikeli wanda bai fi tafin hannu biyu ba.

"Ammu, abin da nake so kawai, ka yi ma'asub ɗaya yadda ka saba. Duk abin da za ka zuba, ka fara ɗora shi a kan sikelin nan."

"Yadda na saba."

"Eh, yadda kake yi kullum."

Shi abin da ya saba shi ne ya dubi mai akushi, mai akushin yau kuwa ga ta a tsaye gabansa. Sai ya dube ta.

"Kin karya kuwa, 'yata?"

"Na sha kofi a mota."

"Kofi." Ya maimaita kalmar a hankali, kamar an gaya masa rashin lafiyar wani. "Daga ina kika taso?"

Ta faɗi wata unguwa can arewacin gari, tafiyar kusan awa guda in hanya ta cushe. Ya gyaɗa kai. 'Yar mutane ce, ta tsallako gari guda saboda shi, cikinta babu komai, kuma yau ta fara taka ƙofarsa. A gidan da ya tashi, baƙon da ya fara zuwa ba a ba shi abin da ake ba na gida.

Ya ɓare ayaba uku maimakon biyu. Ya zaɓi gurasa mafi kauri. Ludayi ya je tukunya sau uku. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko zumar da 'yan'uwansa ke aiko masa daga gida, wadda ba ta fitowa sai da dalili, ya bar ta ta yi ta zuba har ta kwanta a gefen akushi, sannan ya lulluɓe kan da kirim. Rawan tana aunawa tana rubutawa, girarta na ƙara ɗagawa.

"Ammu, wannan duka na mutum ɗaya ne?"

"Na mutum ɗaya ne. Bismillah."

Ta ci cokali uku, ta lumshe ido, ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba. Sauran ya juye mata a roba ya ce ta kai wa mahaifiyarta. Ya raka ta har bakin lungu, yana jin cewa ya fita kunyar hukuma.

Bayan mako guda allon ya iso, fari tas da rubutu baƙi. Ful da shayi lambobinsu ba su tayar wa kowa da hankali ba. A gaban ma'asub an rubuta dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, an ce baligi yana bukatar wajen dubu biyu a yini guda.

Siraj ya sa tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Dubu da ɗari huɗu da tamanin. Bahadarame, wannan ai shekarar Hijira ce da ba mu kai ba tukuna. Wanda ya ci zai rayu ya gan ta, ko yaya?"

Shago ya kwashe da dariya. Wasu suka fara raba akushi ɗaya su biyu, wasu suka koma ful. Samari kuma suka riƙa zuwa daga nesa suna ɗaukar hoton allon, suna cika baki cewa za su cinye. Ciniki bai ragu ba, bai ƙaru ba. Da abin ya tsaya nan, da ba a sami labarin bayarwa ba.

Ranar Alhamis da safe wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin lungu. Abrar ce, ba ta daɗe da karɓar lasin ba, ta biyo ta ɗauki mahaifinta zuwa ganin likita. Da ta ga ya daɗe, sai ta shigo. Ta yi sallama, ta gaida Ammu Mahfuz da girmamawa, ta tambayi lafiyar iyali. Sannan idonta ya sauka kan allon, ya daɗe a wurin, ya gangaro kan akushin da ke gaban mahaifinta, wanda saura loma biyu.

"Abuya, wannan shi ne ful ɗin da kake ce mini kana ci, wanda ba a sa masa mai?"

Siraj ya tsaya da cokali a hannu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya wajen mai shago ta ce, "Ammu Mahfuz, ka san shekara shida ke nan yana da ciwon suga? Ka san tun bara yake yi wa kansa allura? Likita ya ce idonsa na hagu ya fara taɓuwa."

Ammu Mahfuz bai sani ba. Ko kuma a ce ba a gaya masa ba. Ya dai lura abokinsa yana yawan neman ruwa. Ya lura yana matso da jarida kusa da fuska. Kuma duk lokacin da ya ga ya ɗan rame, sai ya ƙara masa mai.

"Ban ce laifinka ba ne, Ammu," in ji Abrar. "Amma ba zai sake zuwa ba."

"Ni yaro ne?" in ji Siraj, yana neman muryarsa ta kullum bai same ta ba.

"A'a, Abuya. Yaro ba zai iya ɓoye abu shekara shida ba."

Ya tashi ya bi ta. Bai tsokani kowa ba a hanyar fita.

Washegari teburin bakin ƙofa ya wuni babu kowa. Haka jibi. A masallaci ma ba a ga Siraj a sahun asuba ba, aka ce a gida yake yi. Ammu Mahfuz ya buga masa waya sau biyu, ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya ci gaba da daka yana sallamar mutane, amma masu zuwa kullum sun ce ma'asub ɗin kwanakin nan wata rana zaƙi ya yi yawa, wata rana kamar an manta da zuma.

A kwana na takwas Usta Bakur ya shigo da kofin shayinsa, ya jingina da kanta.

"Kai ma kai ka jawo wa kanka, Abu Salim. Wa ya ce ka yi wa mai awo girkin biki? Kira ta ta dawo. Yi mata ɗan mitsitsi, ta rubuta ɗari shida ko bakwai. Abrar ta gani, ta ce ashe kuskure ne, hankalinta ya kwanta, mutuminka ya dawo kujerarsa. Abin da ke cikin akushi kuma tsakaninka da shi ne. Allo ba ya leƙa akushi."

Da rana Ammu Mahfuz ya sa Salim ya sake buga waya.

Rawan ta dawo da sikelinta. Da ya gaya mata yadda aka yi, ta yi dariya har ta dafa tebur.

"Wallahi na yi zargi, Ammu. Kwana biyu mahaifiyata tana cin abin nan, har maƙwabta sun samu. To yanzu ka ɗauka wani ne ya shigo wanda ba ka sani ba. Ba baƙonka ba ne, ba ya jin yunwa sosai, ba a yi masa rasuwa ba."

"Allah sarki. To me ya kawo shi?"

"Karin kumallo kawai."

Da ƙyar ya yi. Ayaba biyu, gurasa madaidaiciya, ludayi ɗaya, zuma ta zagaya sau ɗaya ta tsaya. Ya dubi akushin ya ga lallai haka yake ba yawancin mutane, babu ha'inci a ciki. Ta yi lissafinta ta ce ɗari bakwai da arba'in.

"Wannan ita ce lambarka. Amma da sharaɗi, Ammu: abin da aka rubuta shi za a riƙa zubawa. In ba haka ba allon ya zama ado."

Ta fara naɗe kayanta. Ɗari bakwai da arba'in. Lamba ce da za a iya nuna wa Abrar ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan teburin bakin ƙofa.

"Tsaya, 'yata. Akwai guda ɗaya."

Ya ɗauko wani akushi. Bai dubi sikeli ba, bai dubi Rawan ba. Kujerar da babu kowa ya riƙa kallo, ya bar hannunsa ya yi abin da ya saba yi kowace safiya. Ita ce ta riƙa tare kowane abu tana aunawa kafin ya faɗa akushi. Hannun ya je tukunya ya dawo, ya je ya dawo, ya je ya dawo, sannan ya ƙara wani ɗan rabi wanda shi kansa bai san yana ƙarawa ba. Tun shekarar da matar Siraj ta rasu rabin nan ya shigo.

Ta daɗe tana lissafi, ta sake daga farko.

"Nawa?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyar da sittin."

"Ya fi naki."

"Ya fi nawa. Na wane ne wannan, Ammu?"

"Na wani direba ne."

Bayan ta tafi, ya zagayo ya zauna a kujerar Siraj, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan ana ganin allon sosai. Duk unguwa ta yarda lambar nan kuskure ce, kuma kuskure ce ga kowa, ban da mutum ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya sa farar rigarsa ta fita, ya sa takardu biyu a aljihu, ya hau benen gidan Abrar. Ya tarar da Siraj a ɗakin baƙi, gemu ba gyara, talabijin na yi babu murya.

"Dubiya ka zo?" in ji Siraj, bai tashi ba. "Ina lemon? Ko Bahadarame dubiya ma hannu rabbana yake zuwa?"

Ammu Mahfuz ya zauna. Abrar ta kawo shayi ba suga, ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

"Shekara shida, Abu Abrar."

"Kar ka fara. Gidan nan kowa likita ne. Jikokina ma ƙirga mini dabino suke yi. Wuri ɗaya ya rage mini a duniya da in na shiga ake zagina don na ɓata a hanyar Madina, ba a yi mini sannu. Da na gaya maka, da ka fara kallona yadda kake kallona yanzu."

"Da na rage."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

"Ni na zuba."

"Ni na haɗiye. Ka taɓa danne ni ka ɗura mini?"

"Ban taɓa tambayarka ba."

"Ni kuma ban taɓa cewa ya isa ba. Kar ka zo gidana ka ƙwace mini laifina, shi kaɗai ya rage da ba a karɓe mini ba."

Suka yi ta ja, kowa na jawo laifin wajensa, kamar dattawa biyu da suka haɗu a ƙofar masallaci kowa na cewa ɗaya ya fara shiga. Da suka gaji, Ammu Mahfuz ya zaro takardun ya miƙa wa Abrar ta farko.

"Wannan ita ce sabuwar lambar da za a sa a allo, 'yata. Gaskiya ce, haka nake ba mutane. In kin gan ta za ki ce waccan ta farko kuskure ce." Ya miƙa ta biyu. "Wannan kuma ta mahaifinki ce. Abin da nake ba shi kullum ke nan."

Ta karanta ta farko, ta karanta ta biyu, ta ɗago.

"Me ya sa ka nuna mini wannan, Ammu? Da ka bar ta a aljihu, ba yadda za a yi in sani."

"An ba ni wannan shawarar."

"Ka gani ko?" in ji Siraj yana nuna shi da yatsa. "Shekara talatin ina cin abincin mutum, yau ya hau bene da ƙafarsa ya kawo ƙarata."

Ammu Mahfuz ya kurɓi shayin, ya ɓata fuska, ya ajiye. Sannan ya faɗi abin da ya zo da shi, a hankali, yana kallon darduma. Ya ce in Siraj ya dawo, rabin akushi zai riƙa daka masa, gurasa da ayaba kawai. Man shanu zai zo a finjali ɗaya, zuma a finjali ɗaya, a gefe, kowanne da lambarsa a allo.

"Ni ba zan ƙara zuba masa ba. Shi zai zuba."

Siraj ya miƙe zaune. "In zuba wa kaina? A shagonka? Kamar wanda ya sauka a otal?"

Ba ƙaramar magana ba ce, su biyun sun sani. A wurinsu, mai gida da ya ajiye mai a gefen baƙo ya naɗe hannu, kamar yana ƙirga masa loma ne. Kawun Ammu Mahfuz da ya ga haka da ya rufe shagon.

"In ya juye duka fa?" in ji Abrar.

"To ya juye yana gani. Ni ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Ba kuma zan zama mai kawo miki rahoto ba."

Ta dubi mahaifinta. Kwana goma sha biyar ke nan sugansa ya sauka, likita ya yaba. A cikin kwanakin nan bai je masallaci ba, bai yi dariya ba, bai zagi kowa ba sai yau. Ta ninke takardun biyu ta mayar wa mai su.

"Abuya, idonka ne," ta ce. "Ni na gaji da gadi."

Ranar Asabar, da aka idar da asuba, aka ji muryar daga bakin ƙofa, ta ɗan dushe amma ita ce.

"Kai Bahadarame, an ce an rage maka shekarun Hijira."

"Zauna, direba. Ka gane hanya da kanka, ko taswira ce ta kawo ka?"

Sabon allo na rataye. Siraj ya zauna a wurinsa. Ammu Mahfuz ya daka rabin akushi, ya kawo, ya ajiye finjali biyu a gefe. Ma'asub ɗin ya yi fari fat, kamar wanda bai gama sa kaya ba.

Siraj ya dube shi. Ya tura finjalin mai da yatsa ɗaya zuwa bakin tebur.

"Zuba."

Hannun Ammu Mahfuz ya riga ya tashi kafin ya ankara. Sai ya karkatar da shi ya ɗauki tsumma daga kafaɗa, ya shiga goge teburin kusa, wanda babu ko ɗigo a kansa.

"Hannunka ya karye ne? Da shi ka tuƙa alhazai shekara talatin."

Usta Bakur ya tsaya da kofi a bakin leɓe. Siraj ya ɗauki finjalin, ya juya kai ya kalli allon da idonsa mai kyau, leɓunansa na motsi. Ya karkata finjalin, mai ya zubo siriri, ya tsayar. Ya ɗauki na zuma, ya zuba, ya tsaya, ya ƙara kaɗan, ya ajiye da sauri kamar yana da zafi. Duka biyun da saura a ciki. Ya gauraya ya kai loma, ya daɗe yana taunawa.

"Shekara talatin ina kiranka marowaci da wasa," ya ce. "Yau Allah ya tabbatar."

"Ci ka tashi, ana jiran teburin."

Babu mai jiran teburin. Ya zauna har rana ta kori na waje, ya ba da labarin hanyar Madina tun daga farko, taswira ta sake shan zagi.

Haka abin ya zauna. Ma'asub ɗin shagon yanzu da cokalin awo ake zuba masa, wanda Rawan ta bari. Ammu Mahfuz bai daina duban fuska ba. Lebura mai ƙurar siminti yakan tarar da finjali a gefensa wanda bai nema ba, haka wanda aka yi wa rasuwa, in ya so ya zuba, in ya so ya bari. Siraj dai biyu ne nasa, ba a ƙarawa.

Finjalan nan wata rana su dawo da rabi, wata rana da fiye. Akwai ranakun da suke dawowa kamar an wanke su, yawanci Juma'a, da wata rana guda a cikin Rajab da su biyun suka san ita ce ranar da matar Siraj ta rasu. Ammu Mahfuz yakan ɗauka ya wanke, ba ya cewa komai. Abrar takan tsaya da motarta ta shigo ta gaishe shi, ba ta taɓa tambayarsa ba. Idon hagu bai warke ba, amma likita ya ce bai ƙara lalacewa ba.

Tsohon ludayin yana rataye a ƙusa, sama da tukunyar man shanu. Masu zuwa da wuri sun ce har yanzu, in muryar nan ta taso daga bakin ƙofa, hannun Ammu Mahfuz yakan tafi wajen ƙusar, ya kai rabin hanya, sannan ya dawo ya ɗauki finjali.